Ƙwayoyin jini ma gado ne: abin da takardar awo take nunawa

Idan aka ɗebi jinin mutum a likita aka yi masa awon da ake ce wa NFS, abu ukku ake ƙidayawa: jajayen ƙwayoyi masu kai iska ga sassan jiki, fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da ƙananan ƙwayoyi masu tsai da zubar jini. Abinci da rashin lafiya suna taɓa wannan lissafi, amma wani kaso nasa gado ne daga uwa da uba, kamar tsawo ko hasken fata.

Wanda muka fi sani shi ne emasi, ko amosanin jini. Jar ƙwaya mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai SS kuwa tana lanƙwashewa kamar lauje, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa yaro yake fama da ƙarancin jini da ciwon ƙashi. Idan miji AS ne, mata ma AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki fa, ba wai yaro ɗaya cikin huɗu a jere ba.

Amma akwai wani gadon da ba ciwo ba ne, kuma ba a cika zancensa ba. A bayan jar ƙwaya akwai wata alama da ake kira Dafi, sunan marar lafiyar da aka fara gano ta a kansa a 1950. Fiye da tara cikin goma na mutanen Afirka ta Yamma ba su da ita. Rashin nata ma kariya ne, don ta wannan ƙofa ce wani nau'in ƙwayar masassarar cizon sauro mai suna bibas yake shiga. Ba shi ne mai kashe mana yara da damina ba, wancan falsifarom ne, kar a ajiye gidan sauro.

To, masu wannan gado sukan kasance da ƙarancin wasu fararen ƙwayoyi, netorofil, cikin jinin da aka ɗiba. Ma'aunin da aka saba da shi, 1500 a kowane mikrolita, galibi da jinin Turawa aka tsai da shi. Sai ka ga ɗan Maradi ko Damagaram lafiyarsa lau, takarda ta ce ya faɗi ƙasa. Bincike ya nuna irin waɗannan mutane ba su fi kowa kamuwa da cuta ba.

Ƴan uwa na Faransa da Amurka, nan ne maganar ta fi shafarku. Akan sa mutum ya yi ta maimaita awo, wani har a huda masa ƙashi a duba ɓargo, wani a rage masa maganin ciwon daji, duk saboda lambar da aka haife shi da ita. A ganinmu ba rashin kunya ba ne ka ce wa lokotoro a duba maka Dafi, awon jini ne kawai.

Sai dai idan ƙarancin ya zo da zafin jiki, ko gyambon baki, ko ciwo mai komowa, wannan ba na gado ba ne za a ce, a hanzarta zuwa likita. Awon emasi kuwa ana yin sa a cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo da ke Yamai, kuma ya fi amfani tun ba a kai goron aure ba.