Takarar kujerar sanatan Yobe ta Arewa, 2023

Yobe ta Arewa ɗaya ce daga mazaɓu uku na jahar Yobe a majalisar dattawan Nijeriya mai kujeru 109. Ƙananan hukumomi shida ne: Bade, Jakusko, Karasuwa, Machina, Nguru da Yusufari. Machina na kan iyaka da jahar Damagaram.

Ahmad Lawan ke riƙe da kujerar tun 2007, ya kuma shugabanci majalisar daga 2019 zuwa 2023. A 2022 ya nemi tikitin shugaban ƙasa na APC, don haka bai shiga zaɓen fidda gwani na 28 ga Mayu ba, wanda Bashir Sheriff Machina ya lashe. Da Bola Tinubu ya kayar da Lawan a watan Yuni, sai jam'iyyar ta sake shirya wani zaɓen, ta miƙa sunan Lawan ga hukumar zaɓe ta INEC. Machina ya ƙi janyewa, ya kai ƙara.

Babbar kotun tarayya da ke Damaturu ta ba Machina gaskiya a watan Satumba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Amma ranar 6 ga Fabrairu 2023 kotun ƙoli, da alƙalai uku kan biyu, ta soke hukuncin. Abin da ta riƙe shi ne hanyar shigar da ƙarar: tun da Machina ya yi zargin maguɗi, kamata ya yi ya bi tsarin da ake sauraron shaidu. Ba ta tsaya kan wanda wakilai suka zaɓa ba, kuma nan ne aka fi sukar hukuncin.

Lawan ya ci zaɓen 25 ga Fabrairu.