YADDA ADDINI YA ZAUNA A ƘASAR ADAR

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne yaranmu da aka haifa a Abijan, da Ikko, da Yamai. Suna salla suna azumi, amma in an tambaye su yadda Musulunci ya iso Madawa ko Buza ko Keita, sai su yi shiru, wasu ma su ce daga Sakkwato aka kawo mana shi da takobi. Ba haka zancen yake ba.

Tushen dai kowa ya san shi: shaidawa babu abin bautawa sai Allah kuma Annabi Muhammadu (SAW) Manzonsa ne, sa'an nan salla, da zakka, da azumin Ramadan, da hajji ga mai iko. Annabi ya yi hijira daga Makka zuwa Madina a 622, ya rasu a 632. Mu mutanen wannan yanki mazhabar Malikiyya muka tarar, shi ya sa almajiri in ya sauke Alƙur'ani yake shiga Ahalari da Ishmawi da Risala.

To, ba mayaƙa suka fara kawo shi ba, fatake ne da malamai masu bin ayarin Abzin. A wajen 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ƙwace Adar daga hannun Kabawa, sarautar Musulmi ta kafu. Lisawan da suka zauna Keita suna cikin waɗanda suka zo tare da shi. Amma kada mu ruɗi kanmu, addinin a fada yake da unguwannin malamai. Talakan Adar Dutsi yana nan kan al'adar Azna, yana yanka a gindin dutse kafin shuka, kuma ya daɗe a haka.

Babban mutumin da ƙasarmu ta ba duniyar ilimi shi ne Malam Jibrila ɗan Umaru. Ya yi hajji sau biyu a zamanin da tafiyar take cin shekaru, kuma a Alƙahira ya karɓi ijaza daga Murtala Zabidi, mashahurin malamin ƙamus da hadisi. A hannunsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karatu a Agadas. Shehu ya so ya bi shi Makka, sai malamin ya mai da shi gida don bai nemi izinin mahaifinsa ba. Shi kansa Shehu an haife shi a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, watau nan ƙofarmu. Malam Jibrila mutum ne mai zafi, yana ganin mai aikata manyan zunubai ya fita daga addini. Shehu bai yarda da wannan ba, ya rubuta ya ce zunubi daban, kafirci daban, amma har ƙarshen ransa bai daina girmama malaminsa ba. Mu da muke ganin yadda gardamar ɗariƙa da Izala ta raba masallatai a garuruwanmu tun bayan kafa Izala a Jos a 1978, wannan labari ya kan dawo mana a rai. Kabarin Malam Jibrila yana Arewa, kusa da Madawa, kuma da yawa cikinmu sun sha wucewa a mota ba su taɓa tsayawa ba.

Jihadi ya tashi a 1804, Alkalawa ta faɗi a 1808. A Adar kuwa wani malami Ba'abzine, Muhammadu Aljilani, ya ɗaga tasa tutar, daga baya Ibra da Kel Geres suka karya shi, ƙasa ta koma hannun Abzinawa.

Sa'an nan Nasara suka zo, kuma gaisuwarsu ta farko wuta ce. A 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta ƙone Birnin Ƙonni. A 1901 Faransawa suka ci Kel Geres a Zangebe da Galma. A 1903 Ingilishi suka kama Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi. Iyakar da ta raba mu da Sakkwato, a Turai aka zana ta, aka sake gyara ta a 1904 da 1906, ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikinmu ba. Bayan tawayen Kawsen na 1916 zuwa 1917, inda aka kashe malamai a Agadas, kwamanda ya riƙa sa ido kan kowane malami mai yawan almajirai. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin kakanninmu da suke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don gudun lakwal ba.

Ga abin mamakin kuwa: a ƙarƙashin mulkin Nasaran ne Musulunci ya game ƙauyuka. Yaƙi ya ƙare, hanya ta buɗe, haraji ya kori samari zuwa cin rani a Kano da Ikko da Kumasi. A zango ba a aure, ba a jana'iza, ba a ba da bashi sai ga mai salla. Saurayi ya tafi Azne, ya komo da buta da tasbaha, ya gina masallaci kusa da gidan ubansa. Watau mu 'yan ci-rani muna da hannu a wannan tarihi fiye da yadda muke zato.

Ba kuma duk abin da ya zo daga Yamma ne ya zo da bindiga ba. 'Yan mishan sun buɗe asibitin Galmi a 1950, iyayenmu suka je suka sha magani suka komo da addininsu. Daga 1984 Italiya ta zuba kuɗi a aikin raya ƙasar Keita, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka suka tare zaizayar ƙasa. Gwamnati ma ta nemi haɗa karatun biyu: madarasa ta farko mai Faransanci da Larabci an buɗe ta a Sayi a 1957, aka kafa Ƙungiyar Musulunci ta Nijar a 1974 zamanin Seyni Kunce.

Muna roƙon dattawan da suke da tsofaffin littattafai na hannu a gafaka, musamman a Arewa da Tamaske da kwarin Majiya, su bari a ɗauki hotonsu kafin gara ta riga mu.