Muryar Kaduna a Bakin Tafkin Kainji

Ba za mu fahimci matsayin mai gabatar da shirin hira a ƙasar Yawuri ba sai mun koma shekarar 1968, watau lokacin da aka gama madatsar Kainji, ruwa ya cinye tsibirai da gonaki, aka tashi mutane fiye da 40,000. Gungawa da Lopawa da Shangawa, masu harsunan kansu, suka tsinci kansu a sababbin matsugunai tare da Sarkawa masunta, Hausa kuwa ita ce ta haɗa su a kasuwar Yelwa. A gun masunci, wanda jarida ba ta isa zangonsa, akwatin rediyo shi ne majalisa.

Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ya riƙe wannan majalisa. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, ma'aikata irin su Halilu Ahmed Getso suka riƙa titsiye 'yan siyasa da tambayoyi, talaka yana saurare. A ganinmu wannan ba ƙaramin sauyi ba ne ga mutumin da aka tashe shi daga gidansa ba tare da an nemi shawararsa ba.

Sai dai hirar ta Kaduna ce, damuwarta ta birni. Batun komar dala da kainuwa bai sami fili sosai ba sai bayan 1993, da shirin bunƙasa su na Nijeriya da Jamus ya nemi masuntan tafkin ta rediyo.