Comcast: yadda wayar talabijin ta zama ta tarho da intanet

A 1963 wani ɗan kasuwa daga birnin Filadelfiya mai suna Ralph Roberts ya sayi wani ɗan ƙaramin kamfani a garin Tupelo na jihar Misisifi, a kudancin Amurka. Kafin nan mutumin ya yi sana'ar sayar da bel da maɗaurin wando, kuma bai san komai game da talabijin ba. Abin da ya saya bai taka kara ya karya ba: doguwar eriya, wayoyi rataye a kan turaku, tashoshi biyar, da gidaje kusan 1,200 masu biyan kuɗin wata. Dala dubu 500 ya biya, tare da abokansa biyu, Daniel Aaron da Julian Brodsky.

Dalilin kasuwar mai sauƙi ne. Tupelo na nesa da manyan tashoshin birnin Memfis, eriyar kan rufin gida ba ta kamo hoto mai kyau. Sai kamfani ya kafa eriya guda babba, ya kamo shirye-shiryen, ya raba wa gidaje ta waya. Roberts ya lura da wani abu da ya fi hoton muhimmanci: duk gidan da waya ta shiga, kuɗi zai riƙa fitowa daga cikinsa kowane wata, kuma da wuya wani ya zo ya ja tasa wayar a layi ɗaya. A 1969 aka raɗa wa kamfanin suna Comcast, a 1972 ya fara sayar da hannun jari ga jama'a, daga nan kuma sai sayen ƙananan kamfanonin kebul gari bayan gari. Ɗansa Brian Roberts ya zama shugaban kamfanin a 1990.

Inda labarin ya juya shi ne tsakiyar shekarun 1990. Wayar kebul ta asali hanya ce mai zuwa ɗaya, tana kawo hoto cikin gida amma ba ta mayar da komai. Kafin ta ɗauki intanet sai da aka sake ta: aka binne zaren gilashi har bakin unguwa, aka canza na'urorin da ke kan turaku domin saƙo ya je ya dawo. Aiki ne mai cin kuɗi, kuma masu zuba jari na ɗari-ɗari da shi, har sai da Microsoft ya zuba dala biliyan 1 a Comcast a 1997. Bayan shekara biyar kamfanin ya haɗiye sashen kebul na AT&T, ya wayi gari da gidaje sama da miliyan 21, ya zama babu kamarsa a harkar kebul a Amurka.

Tunda wayar ta iya ɗaukar bayanai, me zai hana ta ɗauki murya? A 2005 aka ƙaddamar da Comcast Digital Voice. Ma'aikaci zai zo gida da ɗan akwati, ya jona shi da wayar talabijin, ya cire igiyar tarhon daga tsohon soket ɗin bango ya soka ta a bayan akwatin. Kan tarhon bai canza ba, lambar ma ana iya riƙe ta, sai dai muryar yanzu ana daddatsa ta ne ta zama bayanai. Akwai inda tsohuwar wayar girke ta fi: ita daga ofishin tarho take samun wutarta, ko an ɗauke lantarki tana aiki, wannan kuwa sai da batir a cikin akwatin. Mu da muka san ɗaukewar wuta ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Duk da haka sauƙin kuɗi da biyan kuɗin talabijin, intanet da tarho a takarda ɗaya sun ja mutane, har a 2009 Comcast ya zama na uku a masu samar da tarhon gida a ƙasar.

Sashen 'yan kasuwa, wanda aka soma a 2006, a ganina shi ne dabarar da ta fi wayo. Wayar da ke zuwa gidaje tana wucewa ta ƙofar shagon aski, ɗakin likitan haƙori da gidan abinci. Irin waɗannan wurare a da sai dai su ɗauki layin haya mai tsada daga kamfanin tarho, ko su yi haƙuri da intanet mai jan ƙafa. Comcast ya ja musu 'yan mitoci kaɗan na waya, ya ba su intanet da layukan tarho a farashin da za su iya. Daga shaguna ya haura zuwa makarantu, asibitoci da kamfanoni masu rassa da yawa, kuma a 2021 ya sayi kamfanin Masergy domin ya kama manyan.

Ba a rasa ƙorafi ba, domin sau biyu, a 2010 da 2014, masu karanta shafin Consumerist suka zaɓe shi kamfani mafi muni a Amurka saboda yadda yake mu'amala da abokan ciniki. Ralph Roberts ya rasu a 2015 yana da shekara 95. Tun kafin lokacin gidaje ke ta ajiye tarhon girke suna komawa salula, suna yanke talabijin ɗin kebul ma, amma akwatin intanet ɗin na nan a kusurwar falo yana ƙyafta fitila.