Labarin Kujerar Zinariya ta Asante

A ƙasar Asante, wadda fataken goro suka daɗe da sani, kowane sarki yana da kujerarsa ta itace, an sassaƙa ta daga gungume guda, an yi mata ado. Amma akwai wadda ta fi duka daraja, ita ce Kujerar Zinariya. Mutanen ƙasar sun ce a zamanin Sarki Osei Tutu, wajen shekarar 1700, bokansa Okomfo Anokye ya kirawo ta daga sama. Sun ɗauka ran al'ummarsu duka yana cikinta. Saboda haka ba mai zama a kanta, ko da sarkin ne, ba a kuwa bari ta taɓa ƙasa.

Da Turawan Ingila suka kama Sarki Prempeh na ɗaya a 1896, sai dattawa suka ɓoye ta. A watan Maris na 1900 Gwamna Hodgson ya zo Kumasi, ya tara sarakuna, ya ce don me ba a kawo masa kujerar ya zauna ba? Shi a ganinsa gadon sarauta ce kawai. Sarakuna suka watse ba su ce uffan ba. Kafin a jima yaƙi ya tashi, Yaa Asantewaa, uwar sarkin Ejisu, ita ce a gaba. Aka tsare Gwamna cikin ganuwa tare da sojojinsa Hausawa har wajen wata biyu. Aka yi hasarar rayuka masu yawa, aka ci ƙasar, kujera kuwa ba a same ta ba.

A 1921 sai aka ji wasu sun gano maɓoyarta, sun ɓamɓare zinariyar adonta sun sayar. Ƙasa ta ɗauki makoki. Wannan karon Gwamnati ta saurari Kyaftin Rattray, wanda ya san harshen mutanen da al'adunsu, ta bar wa sarakuna shari'ar. Suka yanke hukuncin kisa, Gwamnati ta mayar da shi kora daga ƙasa, ta kuma tabbatar ba za ta ƙara neman kujerar ba. Hankali ya kwanta ba a harba bindiga ko ɗaya ba. A 1935, zamanin Prempeh na biyu, aka fito da ita a bainar jama'a.

Duk wanda aka danƙa wa amanar jama'a, in ya ga tsohuwar kujera ko tambari a fada, ya kamata ya tambayi dattawa ma'anarsa kafin ya miƙa hannu. Matambayi ba ya ɓata.