Me Ya Kashe Garin Sawakin?

Wani mai sauraronmu, ɗan tireda daga Gumel, ya aiko da takarda yana cewa kakansa ya je Makka a ƙasa, kuma a Sawakin ya shiga jirgin ruwa. Shin ina ne Sawakin, me ya sa ba a jin labarinta yanzu?

To malam, Sawakin tana ƙasar Sudan ne, a bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan. A wurin, teku ta kutso cikin ƙasa ta wata siririyar hanya, sannan ta buɗe ta yi lungu zagayayye kamar ƙwarya. A tsakiyar lungun akwai ɗan tsibiri, a kansa aka gina tsohon garin da duwatsun da ake fasowa daga teku. Iska ba ta damun jirgi a ciki, ga Jidda a tsallaken ruwa. Shi ya sa fatake da mahajjata, har da Hausawa da ake kira Takari, suka daɗe suna bi ta nan.

Turkawa sun karɓe ta a 1517, ta koma hannun Masar a 1865. Daga 1883 Usman Digna, kwamandan Mahadi, ya yi shekaru yana gwabzawa da Ingilishi a kewayenta, har zuwa Tokar, garin auduga da ke kudu.

Amma ba yaƙi ne ya kashe ta ba. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, manyan jirage masu inji suka yawaita, siririyar hanyar nan ta yi musu kaɗan. Sai Ingilishi suka fara ginin Fot Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909. Ka san in kasuwa ta tashi, masu rumfa binta suke yi. Attajirai suka kwashe, gidaje suka rushe don rashin gyara.

Ba ta mutu murus ba dai. A 1991 an buɗe sabuwar tasha mai sunan Usman Digna, inda ake ɗaukar fasinja da dabbobi zuwa Jidda. A nan ne jirgi ya nitse da tumaki sama da 15,000 a 2022, saboda lodin da ya wuce kima.

Da fatan ka gamsu. Allah Ya jiƙan kakanka.