Ƙarfen Da Ba Ya Zuwa Cikin Kwalin Kuloci

Tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, a 1975, garejojin Arewa suka zama makarantar 504. A jikinta yawancin manyan makanikan yau suka koyi sauke giyabos, a cikinta kuma suka fara sanin fok ɗin kuloci.

Fok wani ƙarfe ne mai baki biyu. Idan direba ya taka kuloci, fok ke lilo a kan wani ɗan dunƙulen ƙarfe da ke cikin giyabos, ya tura boris, boris ya danne dis, filet ya saki. Wuri biyu yake cinyewa: bakin da ke gugar boris, da ramin da ke zaune a kan dunƙulen. Giris na bushewa, sai ƙarfe ya shiga cin ƙarfe.

Matsalar ita ce kwalin da kamfanoni irin su Valeo da Sachs ke haɗawa abu uku ya saba ɗauka: filet, dis da boris. Babu fok a ciki. Mai mota ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya sayo kwalinsa, yaran gareji su ɗaura sababbin kaya a kan tsohon fok. Ba a jimawa ya dawo da ƙorafi: feda ta yi tauri, tana ƙugi, ribas ba ya shiga sai da gurnani. A nan rigima ke tashi, mai mota ya ce an sayar masa da jabu, mai shago ya rantse kayansa orijinal ne. Ƙarshenta a sake sauke giyabos, a biya kuɗin aiki karo na biyu, saboda ƙarfen da bai kai rabin kuɗin kwalin ba.

Tsofaffin hannu ba sa yarda da haka. Su wanke fok da fetur, su shafa babban yatsa a bakinsa su ji ko ya yi rami, su ɗaga shi a rana su nemi tsaga. A shekarun 1980, lokacin da kayan gyara suka yi tsada, wanda ya cinye wurin mai walda ake kai shi a cike, a goge da fayil. Wani ya daɗe, wani ya tsage a kan hanya.

Kowace mota da halinta. Bitil da aka harhaɗa a Legas waya ke jan kulocinta, da hannu ake ɗaure ta a bayan giyabos. Kulocin 504 kuwa man birki ke tura shi, yana cike giɓin cinyewa da kansa, don haka lalacewar fok ke ɓuya har sai ta yi nisa.

Zuwan motocin Kwatano a shekarun 1990 ya sauya karatun. Yaran da suka buɗe Golf 2 sun nemi fok sun rasa, domin wani siririn sanda ne ke ratsa cikin shaf ya tura kuloci. Opel Vectra B kuma ta zo da boris mai aiki da mai, zaune a cikin giyabos. Ba ta da fok, amma idan boris ɗin ya fara yoyo, dole a sauke giyabos gaba ɗaya.

A Hiace da Hilux da ke cike tashoshin mota kuwa, fok na nan daram, kuma ogan gareji har yau yakan sa a miƙo masa shi ya duba kafin a mayar da giyabos.